Kasuwa, Zaure da Burtali: Nazari kan Filin Horon Jami'an Tsaro da Ya Dace da Madawa, Buza da Keita

A ranar 1 ga Nuwamba 2016 rikici ya ɓarke tsakanin manoma da makiyaya a yankin Bangi, cikin gundumar Madawa ta jihar Tawa a Nijar, daf da iyakar Najeriya. Mafarinsa ɓarnar gona ce, irin wadda ake yi kowace kaka a sasanta ta a ƙofar maigari. Wannan karon kafin ƙura ta lafa hukumomi sun ƙirga gawa 18, mutum 43 sun jikkata, gidaje sun ƙone. Bayan shekara biyar, Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar da cewa a cikin watan Nuwamba 2021 kaɗai mutum fiye da 11,500 sun tsallako daga arewa maso yammacin Najeriya zuwa ƙauyukan ƙaramar hukumar Bangi, suna gudun 'yan bindigar daji.

Duk jandarma ko ɗan sanda ko ɗan garda da aka turo aiki wannan yanki, irin waɗannan al'amura ne ke jiransa: taron mutane da ransu ya ɓaci, baƙin da suka kwana suna tafiya ba takarda ba guzuri, da ɗan bindiga a kan babur wanda ya fi shi sanin hanyar daji. Abin da wannan nazari yake son bincikawa shi ne wane irin wuri ya kamata a gina domin jami'i ya fara cin karo da waɗannan abubuwa a cikin horo, inda kuskure ba ya cin rai. Matsayina a kai shi ne, ingancin filin horo ba a tsadar gininsa yake ba, a kamanninsa da wurin da jami'in zai yi aiki yake. A Madawa da Buza da Keita kuwa wurin aikin nan kasuwa ce da zaure da burtali da bakin ƙorama.

Abin da wasu suka gina, da abin da bincike ya nuna

Dabarar gina garin kwaikwayo don horar da jami'ai ba sabuwa ba ce. Bayan tarzomar watan Mayu 1968, Faransa ta buɗe cibiyar horon jandarmomi a Saint-Astier a 1969, inda ake koyar da kwantar da zanga-zanga a cikin tituna da gine-ginen da aka yi musamman don haka. A Amurka, bayan musayar wutar da aka yi a Miami ranar 11 ga Afrilu 1986, wadda ta ci ran jami'an FBI biyu ta raunata biyar, hukumar ta buɗe wani ɗan gari a makarantarta ta Kwantiko a 1987, mai suna Hogan's Alley. An nemi taimakon masu tsara dandalin fim wajen gininsa. Akwai banki da gidan waya da otal da shagon aski, kuma ana ɗaukar mutanen gari haya su taka rawar ɓarawo ko shaida ko mai wucewa. 'Yan sandan Landan su ma sun buɗe tasu cibiyar a Gravesend a 2003.

Abin lura shi ne kowa garinsa ya kwaikwaya. Ba'amurke ya gina banki saboda fashin banki na cikin manyan laifukan da FBI ke bi. Bafaranshe ya gina titi mai faɗi da mararraba saboda a nan masu zanga-zangarsa ke taruwa. Wanda ya ɗauko taswirar Kwantiko ya dasa ta a Adar, yankin da Buza da Keita suke, ya ɗauki ɓawon ya bar ƙwayar.

Akwai kuma hujjar bincike a bayan wannan dabara. Wasu masana biyu na jami'ar Vrije da ke Amsterdam, Arne Nieuwenhuys da Raôul Oudejans, sun gwada 'yan sandan Holan a yanayi biyu: harbi a kan abokin gaba da ba ya ramawa, da harbi a kan wanda ke mayar da wuta da harsashin sabulu mai launi, wanda ba ya kisa amma yana da zafi. Da tsoro ya shigo, saitin jami'an ya lalace, suka riƙa gaggawa, idonsu ya bar inda ya kamata ya tsaya. A rahoton da suka wallafa a 2011 sun nuna cewa waɗanda aka horar a cikin wannan yanayi na fargaba sun daina faɗuwa idan matsi ya zo, kuma da aka sake gwada su bayan wata 4 ribar horon tana nan. Jami'an da aka gwada ba su da yawa, don haka bai kamata a ɗora wa binciken kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Amma abin da ya nuna ya dace da abin da kowane ɗan kokawa a Tawa ya sani: wanda zai shiga fili a kan yashi, ga kiɗa ga ihun jama'a, ba ya shirya kansa shi kaɗai a cikin ɗaki.

Bincike na biyu ya fi shafar mu. A birnin Louisville na Amurka an horar da 'yan sanda dabarun lallashi da jan lokaci da ba da tazara, ta hanyar kwaikwayon al'amura da mutane na gaske. Ayarin Robin Engel na jami'ar Cincinnati ya bi sawun sakamakon, ya ba da rahoto a 2020 cewa amfani da ƙarfi ya ragu da kashi 28 cikin ɗari, raunin da farar hula ke ji ya ragu da kashi 26, na jami'an kansu kuma da kashi 36. Wato horon da ya koya wa jami'i yadda zai kauce wa harbi ya kare shi kansa fiye da yadda ya kare kowa.

Abin da ke ƙasa a Nijar

Manyan makarantun horon farko na 'yan sanda da jandarmomi suna Yamai, tafiyar kusan kilomita 500 daga Madawa. Yaron da ya fito daga can ya iya fareti, ya san dokar hukunta laifuka, ya yi harbi a kan allo. Waɗannan duka wajibi ne. Sai dai aikin ya rabu gida-gida: 'yan sanda na riƙe da birane da ƙofofin iyaka, jandarmomi na kula da karkara da manyan hanyoyi a ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, 'yan garda na gadin gidajen kaso da ma'aikatu da yankunan makiyaya a ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, ga kuma 'yan duwan da jami'an gandun daji. Ranar da abu ya faru a ƙauye dukansu ake kira, alhali kowa da inda ya yi karatu, kowa da kalmar umarninsa.

Misali mafi kusa da yankinmu shi ne rundunar 'yan sanda mai yawon sa ido kan iyaka, wadda ake kira CMCF. An kafa ta farko a Maraɗi da tallafin Amurka. Ta biyu tana Birnin Ƙonni: an sa hannu kan yarjejeniyarta a 2018, Jamus da Holan suka zuba Yuro miliyan 10, tawagar Tarayyar Turai ta EUCAP Sahel Nijar ta jagoranci horon jami'ai kimanin 250, kuma Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ce ta gina mata mazauni. A arewacin jihar Tawa kuma, a Tiliya, an buɗe cibiyar horon sojojin musamman da taimakon Jamus a watan Yuli 2021, 'yan watanni bayan harin 21 ga Maris na wannan shekara wanda gwamnati ta ce ya halaka mutum 137 a ƙauyukan yankin.

Darasi biyu nake gani a nan. Na farko, hankalin masu ba da kuɗi ya fi karkata ga iyaka da ƙaura da ta'addanci, domin su ne suka dame su. Ɓarnar gona da satar akuya da rigimar gado da faɗan kasuwa, waɗanda su ne cin yau da gobe na birgad ɗin jandarma a Buza, ba sa jawo Yuro. Na biyu, abin aro ba ya rufe katara. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, hukumomin Yamai sun soke yarjejeniyar EUCAP a ranar 4 ga Disamba na shekarar, tawagar da take ƙasar tun 2012 ta tattara nata ya nata. Ko mutum ya goyi bayan matakin ko bai goya ba, sakamakonsa ga mai tsara filin horo guda ne: kada a gina abin da sai baƙo ke iya gyara shi. Na'urar kwaikwayon harbi mai allo da kwamfuta tana da amfani, amma tana son lantarki marar yankewa da ɗaki mai sanyi da injiniya a kusa. A garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura maki 40, ƙurar hunturu kuma ke shiga ko'ina, irin wannan na'ura ba ta daɗewa take zama kayan kallo.

Ƙasar da za a kwaikwaya

Ƙidayar 2012 ta ba gundumomin nan uku jimillar mutum fiye da miliyan 1.3, kuma sun ƙaru sosai tun lokacin. Ƙasarsu ba iri ɗaya ba ce. Madawa na kan babbar hanya mai lamba 1, tsakanin Ƙonni da Maraɗi, ga fadamar Tarka mai albasa, ga iyaka a kudu. Buza da Keita kuwa cikin Adar Dutsi suke da kwarin Magiya: tudu mai baƙin dutse, gangare mai kaifi, kwazazzabai, da ƙoramu waɗanda ke bushewa wata tara su cika cikin sa'a guda idan an yi ruwa a sama. Filin horon da ya manta da ɗaya daga cikin waɗannan fuskoki ya bar jami'i da rabin shiri.

A fara da gida. Garuruwan horo na Turai an tsara su kan ƙofa da matakala da dogon baranda. Gidan Bahaushe kuwa daga zaure yake farawa, kuma zaure iyaka ce: baƙo namiji ba ya wuce ta sai da izini. Bayan zaure akwai kwana, domin an gina shi yadda mai tsayuwa a waje ba zai hango tsakar gida ba. Ka wuce nan sai ka tarar da ɗakunan mata, turke, murhu, yara na wasa, da rumbunan ƙasa irin na Adar waɗanda wani ya fi ɗaki girma, mutum na iya ɓuya a ciki. Jami'in da ya zo da takardar bincike yana da tambayoyi da yawa da zai amsa cikin minti guda. Wa zai yi wa sallama? Idan maigida ya tafi bida, kamar yadda dubban Adarawa ke tafiya Najeriya da Kwaddibuwa da Libiya da rani, wa zai tsaya a madadinsa? Yaya za a ba mata lokacin kimtsawa ba tare da an ba wanda ake nema lokacin haura katanga ba? Ina jami'a mace za ta tsaya? Waɗannan ba a koyon su a kan allo. Sai an gina zaure na gaske da tubalin ƙasa, an sa tsohuwa a bakin ƙofa tana cewa ba mai shiga, sannan a ga abin da saurayi ɗan shekara 22 mai bindiga a kafaɗa zai yi.

Kayan ginin ma darasi ne. Zana da kwanon rufi da ƙyauren langa-langa suna ɓoye mutum daga ido, amma ba sa tare harsashin Kalashnikov. Katangar ƙasa mai kauri tana ba da kariya, siririya ba ta bayarwa. Harsashin da ya bugi dutse yana iya karkata ya koma inda ba a nufa ba. Jami'in da aka nuna wa wannan da idonsa a filin harbi, aka jera masa zana da kwano da tubali ya ga wanda ya huje, zai yi tunani biyu kafin ya ɗana kunama a cikin unguwar da shingenta kara ne, bayan shingen kuma mace ce ke daka.

Sai kasuwa, wadda a ganina ita ce zuciyar filin. A yi rumfuna na kara da buhu, a bar lunguna matsattsu yadda suke a kasuwannin Tunfafi da Sabon Gida da Tamaske, a jibge buhunan albasa, a kawo amalanken jaki ya tare hanya, 'yan kabu-kabu su yi cirko-cirko a bakin shiga, mai lasifika na tallar magani. A tsakiyar wannan hayaniya sai wani ya ƙwala ihu: ɓarawo! Kafin jami'ai biyu su ratsa taron, an riga an kayar da yaro, wani ya ɗauko dutse, wani na neman taya. Aikinsu shi ne su fitar da yaron da rai, su kai shi mota, ba tare da sun harbi kowa ba kuma ba tare da an ƙwace musu bindiga ba. A nan ne ake gane wanda ya san ya nemi sarkin kasuwa ko wani dattijo ya tsaya kusa da shi, da wanda ya san ya ɗaga murya ba tare da zagi ba, da wanda zai harba sama ya mai da taron mutum 50 ya zama turmutsitsin mutum 500. A maimaita wasan sau da yawa, kowane karo a sauya wani abu: yau yaron na da wuƙa, gobe ba shi da komai, jibi ma ba shi ne ya yi satar ba.

Shingen bincike a kan hanya yana da sauƙin ginawa: ganga biyu da igiya da rumfa. Wuyarsa a ɗabi'a take. Direbobin da ke ɗaukar albasar Galmi da Madawa zuwa Gana da Kwaddibuwa sun daɗe suna kuka da yawan tsayarwa da na goro, kuma albasa ba ta jiran kowa, zafi na taɓa ta take ruɓewa. Ya kamata a saka wannan cikin wasan ƙarara: direba ya miƙo takarda da jaka biyu a naɗe ciki, a ga abin da ɗalibi zai yi, a kuma tattauna shi a gaban 'yan uwansa. Makarantar da ta kauda kai daga wannan ta bar wa tsofaffin hannu su koyar da shi a bakin hanya.

Burtali shi ya fi kowanne wuyar kwaikwayo, shi ya fi kuma cancantar wahalar. Nijar na da dokoki masu kyau a kan wannan: ƙa'idojin tsarin karkara na 1993, da dokar kiwo ta 2010 wadda ta tabbatar wa makiyayi 'yancin yawo da dabbobinsa, ga kwamitocin filaye da ake kira Kofo tun daga ƙauye har gunduma, ga ranar sakin gonaki da hukuma ke tsaidawa bayan girbi. Amma doka a takarda daban, tsayuwa tsakanin mai gona da ke nuna zangarniyar geron da aka tattake da yaro makiyayi da ya riƙe sanda yana rawar jiki daban. A keɓe wani yanki na filin a shuka shi, a ratsa shi da burtali mai alamun siminti, a haƙa rijiya a ƙarshensa. Ɗalibi ya koyi raba mutane kafin magana, ya koyi tsare dabbobi ba tare da ya zama kamar ya ƙwace su ba, ya san lokacin kiran maigari da arɗo da wakilin Kofo, ya san cewa kimanta ɓarna ba aikinsa ba ne. Abin da ya faru a Toda cikin jihar Maraɗi a 1991, inda aka kashe mutum fiye da 100, mafi yawansu mata da yara, ya isa ya nuna cewa sa'o'in farko na irin wannan rigima su ne komai.

Game da tuƙi ba sai an tsawaita ba. Yashi, dutse, gangare, da ƙorama mai ruwa. Mota da babur duka. Dare da rana. Ambaliyar 2024 ta ci ran mutum kusan 400 a faɗin ƙasar, kuma jami'in tsaro na cikin waɗanda ake fara kira. A haɗa da ɗaure jijiya da tsayar da jini, domin daga wasu ƙauyukan Buza zuwa gadon tiyata tafiya ce mai nisa.

Akwai ɗaki guda da masu zane kan manta da shi saboda ba ya ɗaukar ido: ofishin karɓar ƙara da ɗakin tsarewa. Doka ta ba da sa'a 48 na tsare wanda ake zargi a laifukan yau da kullum, kuma yawancin abin da ke ɓata sunan hukuma a cikin waɗannan sa'o'i yake faruwa. A gina ɗan ofishi da teburi da rajista da benci. A kawo yarinyar da ta gudo daga auren dole, ko matar da aka riƙe a matsayin wahayya, wato baiwa, al'adar da shari'ar Hadijatu Mani a kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta fallasa wa duniya a 2008, kuma daga wannan jiha tamu ta Tawa shari'ar ta fito. Yadda za a zaunar da irin wannan mace, wa zai yi mata tambaya, wa za a fitar daga ɗakin, duk abin gwadawa ne.

Mutanen cikin wasan

Gini ba ya magana. Abin da ke raya filin horo shi ne mutanen da ke taka rawa a cikinsa, kuma a nan yankin ya fi Kwantiko arziki. Nijar na da tsohuwar al'adar wasan kwaikwayo tun zamanin samariya da su Yazi Dogo, ga 'yan wasan gidajen rediyon karkara. A ɗauke su aiki, a biya su, a koya musu inda za su tsaya. A sa masu jin Hausa da Tamajak da Fulatanci, domin jami'in da aka turo daga Tilaberi ko Difa zai iya tarar da kansa gaban tsohon da ba ya jin Faransanci ko kaɗan, Hausarsa ma ta Adar ce. Aiki da tafinta fasaha ce mai zaman kanta.

Akwai haɗari a nan wanda nake ganin ya fi kowanne girma. Idan kullum wanda ke taka rawar ɗan bindiga rawani yake naɗawa ko malfa yake sawa da sanda a kafaɗa, to filin ya koya wa ɗalibi zargin ƙabila, ya kuma koya masa da kyau, tunda abin da jiki ya maimaita cikin tsoro shi ke zama. Dole mai laifi a wasan ya riƙa sauya kama: yau ɗan kasuwa mai babbar riga, gobe ɗan gari mai kai wa 'yan daji labari da man fetur, makiyayi kuwa sau da yawa ya fito a matsayin wanda aka sace wa shanu, domin haka abin yake a zahiri. Haka kuma mafi yawan wasannin su ƙare ba a yi harbi ba. Filin da kowace ƙofa aka buɗe sai an tarar da maƙiyi yana yaye jami'in da ke ganin maƙiyi a bayan kowace ƙofa.

Bayan kowane wasa a zauna ƙarƙashin rumfa a warware shi. Wayar hannu ta isa ɗaukar hoton abin da ya gudana. A bar ɗalibi ya fara faɗin abin da ya gani da dalilin abin da ya yi, sannan wanda ya taka rawar mai gona ya faɗi yadda maganar jami'in ta sauka a ransa. Lokaci-lokaci a gayyaci hakimi ko alƙali ko shugabar ƙungiyar mata su saurara. Malamin da ya mai da wannan zama wurin tsawa da tsallen kwaɗo ya kashe amfaninsa.

Harsashi, fili da maƙwabta

Filin harbi da harsashi mai rai dole ya rabu da garin kwaikwayo, rabuwa ta katanga da ta doka. A watan Yuni 2008, a barikin Carcassonne na Faransa, wani soja ya yi amfani da harsashi na gaske a wurin nuni ga jama'a, a zatonsa na wasa ne, ya raunata mutum 17 har da yara. Ƙa'idar ita ce ƙofa ɗaya, mai bincike ɗaya, a caje kowa har da kwamanda, kuma bindigar wasa ta kasance da launin da ba ya ɓoyuwa.

Gindin tsaunukan Adar na ba da madogara mai kyau ga harsashi, amma saman tsaunin makiyaya ce, kuma harsashin Kalashnikov na iya tafiyar fiye da kilomita 2. Ana bukatar tudun ƙasa a baya, jan tuta, da shela a kasuwa da rediyo kafin ranar harbi. A nisanta shi da fadama da rijiyoyi saboda dalmar da ke taruwa a ƙasa. Mutanen Zamfara sun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a 2010, ko da yake tasu daga haƙar zinariya ta fito. Tsaron wurin kansa abin dubawa ne. A watan Agusta 2014 'yan Boko Haram sun mamaye makarantar horon 'yan sandan kwantar da tarzoma da ke kusa da Gwoza a jihar Borno. Wurin da ke da makamai da ɗalibai, idan ya yi nisa da agaji, shi kansa abin farauta ne. Wannan na cikin dalilan da suka sa nake ganin kusa da garin Madawa ya fi dacewa da mazaunin dindindin na filin horon, ba can bakin iyaka ba.

Batun mallakar fili kuma kada a raina shi. A birnin Atlanta an kashe fiye da dala miliyan 100 wajen gina cibiyar horo mai garin kwaikwayo, amma an shafe shekaru ana zanga-zangar ƙin ta, har jami'ai suka harbe wani mai adawa da ita a watan Janairu 2023, kafin a buɗe ta a 2025. A ƙasar da kowane taƙi na gona ke da magada, kuma abin da baƙo ke gani fako ne wataƙila hanyar shanun wani ce, sai a bi ta hannun Kofo da sarakuna, a biya diyya a rubuce. Cibiyar da za ta koyar da sasanta rikicin ƙasa ba za ta fara da cin ƙasar mutane ba.

Wa zai gina, wa zai riƙe

Gwanintar ginin tana gida. Falke Barmu, maginin masallacin Yama, ya ci kyautar Aga Khan a 1986 da ginin ƙasa. A Dandaji, Mariam Isufu Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun kammala masallaci da ɗakin karatu a 2018 da tubalin jar ƙasa matsattse, tare da maginan yankin. A kwarin Magiya an fara dasa layukan dogon yaro masu tare iska tun 1975, a Keita kuma aikin raya karkara da aka soma a 1984 da kuɗin Italiya ya nuna abin da hannun mutanen Adar, galibinsu mata, ke iya yi da dutse da kwando. Waɗanda suka jera wa tsaunuka kandagarki ba za su gaza gina zaure huɗu da rumfunan kasuwa ba. Ginin ƙasa na da wata fa'ida ta musamman a nan: ana iya rushe katanga a sauya lungu bayan kowace damina, don kada ɗalibai su haddace taswirar wurin.

Abin da ke kashe irin waɗannan wurare rashin kulawa ne. A watan Janairu 2013 gidan talabijin na Channels ya nuna halin da kwalejin 'yan sanda ta Ikeja ke ciki, rufi na yoyo, ɗalibai na cunkushe, har shugaban Najeriya na lokacin, Goodluck Jonathan, ya kai ziyarar ba-zata. Gara ƙaramin wuri mai kasafin yaɓe da albashin malamai da ladan 'yan wasa kowace shekara, da katafaren wuri da aka yanke ƙyallensa aka watse.

Ƙananan birgad na Buza da Keita ba su da yawan jami'an da za su saki rabinsu su tafi kwas na wata guda. Saboda haka mazaunin Madawa ya kasance da ayari mai yawo: mota ɗaya, malamai, 'yan wasa, zana da ganguna da bindigogin launi, su je su kafa wasan kwana biyu ko uku a inda jami'an suke, a kan dutsen da ƙoramar da suke aiki a kai. Kuma a riƙa haɗa jandarma da ɗan sanda da ɗan garda da jami'in gandun daji a wasa ɗaya, su saba da muryar juna.

Kirana ga hukumomin jihar Tawa da shugabannin rundunonin nan shi ne, idan kuɗin da ke hannu bai isa a yi komai a lokaci ɗaya ba, a fara da zaure da kasuwa da burtali da ofishin karɓar ƙara, a ɗauki 'yan wasa daga cikin mutanen gundumomin uku, a saka kuɗin gyara cikin kasafin ƙasa tun shekarar farko. Na'urori masu allo su jira.